Aikin Gayyar Kwashe Shara a Lambunan Shaƙatawa na Birane: Ina Amfaninsa ga Muhalli Yake?



Ranar 3 ga Mayun 2008 mutane kimanin 50,000 suka fito a ƙasar Istoniya, ƙasa mai al'umma kimanin miliyan 1.3, suka kwashe shara wajen tan 10,000 daga dazuzzuka da bakin hanyoyi da wuraren shaƙatawa cikin yini guda. Wannan yunƙuri shi ne ya haifi Ranar Tsaftace Duniya, wadda aka fara gudanarwa ranar 15 ga Satumban 2018, kuma a Disamban 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya ta cikin ranakunta, aka tsayar da 20 ga Satumbar kowace shekara. Duk inda aka yi irin wannan aiki, rahoton da ke biyo baya iri ɗaya ne: mutum nawa suka fito, buhu nawa aka cika, tan nawa aka auna. Abin da wannan takarda take son tabbatarwa shi ne cewa wannan ma'auni ya ɓoye ainihin amfanin aikin, har ma ya ba masu sukarsa makami. Amfanin da muhalli yake samu daga masu aikin sa-kai a lambun shaƙatawa yana tattare ne da lokacin da aka ɗauke sharar, da yawan maimaita aikin, da kuma shaidar da aka tattara a cikinsa. Saboda haka ƙaramar ƙungiyar da ta riƙe fili guda tana dawowa kowane mako ta fi gangamin dubban mutane na rana ɗaya tasiri, muddin hukuma ta sauke nata nauyin.

Ya kamata a fara da suka mafi nauyi, wato ta lissafi. Rahoton Bankin Duniya na 2018 a kan shara ya ƙiyasta cewa biranen duniya suna fitar da tan biliyan 2.01 a shekara. Idan aka raba wannan adadi, za a ga ya haura tan miliyan 5 a kowace rana, kuma duk abin da mutanen Istoniya suka kwashe a wancan yini bai kai sharar da duniya take fitarwa cikin minti uku ba. Binciken Roland Geyer da Jenna Jambeck da Kara Lavender Law na 2017 ya nuna cewa daga cikin tan biliyan 6.3 na robar da ta zama shara zuwa 2015, kashi 9 cikin ɗari kaɗai aka sake sarrafawa, aka ƙona kashi 12, sauran kashi 79 suna jibge a juji ko suna yawo a sarari. Wanda ya dubi waɗannan alƙaluma ya ce tsintsiya da buhu ba za su taɓa cim ma wannan tudu ba, gaskiya ya faɗa. Sai dai ya haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Sharar da ke cikin kwando tana jiran mota tana nan inda aka ajiye ta. Wadda aka yar a kan ciyawa kuwa ta kama hanya, kuma ɓarnarta tana ƙaruwa ne gwargwadon kwanakin da ta yi a wurin. Masu aikin sa-kai da wannan kashi na biyu suke hulɗa, kashin da yake kaɗan a sikeli amma shi ne ke taɓa ƙasa da ruwa da dabbobi kai tsaye.

Mu dubi ledar ruwa guda da aka sha aka yar a gindin bishiya. A makon farko yaro ma zai iya sunkuyawa ya ɗauke ta da yatsu biyu. Bayan wasu watanni a rana, hasken ya cinye ƙarfinta, ta yi fari-fari, ta bushe, in an taɓa ta sai ta karye. Ƙafafun masu wucewa su tattake ta, injin yankan ciyawa ya bi ta kai ya daddatsa ta, ruwan sama ya tura gutsattsarin cikin ƙasa. Ledar da a da take guda ɗaya yanzu ta zama ɓurɓushi ɗaruruwa, kuma babu manjagara ko hannun da zai iya tsince su. Robar ba ta ruɓe ba, ta dai fita daga inda ɗan Adam zai iya kamo ta. Wannan shi ya sa tazarar da ke tsakanin yarwa da ɗaukewa ta fi nauyin abin da aka ɗauke muhimmanci. Kilo ɗaya na leda da aka kwashe cikin mako guda an kwashe shi gaba ɗaya, amma in aka jira shekara, abin da za a samu ragowa ce kawai, sauran ya riga ya gauraya da ƙasar da bishiyoyin lambun suke ci.

Guntun sigari ya fi fito da wannan magana fili. Mutane da yawa suna zaton abin da ke gindinsa auduga ce, alhali wani nau'in roba ne da ke daɗewa shekaru bai narke ba, kuma yana riƙe da nikotin da ƙarafa masu guba da hayaƙin ya bari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana yar da kimanin tiriliyan 4.5 a shekara. A 2019 Dannielle Green da abokan aikinta na Jami'ar Anglia Ruskin sun ƙirga guntayen sigari a lambunan birnin Kambirij na Ingila, suka samu wuraren da ke da har 128 a murabba'in mita guda. Da suka gwada su a ƙasar shuka, tsirowar wata ciyawa mai faɗin ganye da ake yawan samu a lambunan Turai ta ragu da kashi 27 cikin ɗari, nauyin saiwarta ya ragu da fiye da rabi. Wani gwaji da aka buga a 2011 daga Jami'ar Jihar San Diyego ya nuna cewa guntu ɗaya a cikin lita ɗaya ta ruwa ya isa ya kashe rabin ƙananan kifayen da aka saka a ciki. Guntun sigari bai kai giram ɗaya ba. Matashin da ya wuni a durƙushe ya tsinci dubu biyu ba zai cika rabin buhu ba, kuma a rahoton tan-tan aikinsa ba zai fito ba, ga shi kuwa wataƙila ya fi wanda ya jawo tsohuwar katifa yi wa lambun amfani.

Akwai kuma batun ruwa. Lambuna da filayen da suka rage a birane galibi suna kwari ne ko bakin rafi, wuraren da gini ya yi wa wuya, don haka duk abin da aka yar a cikinsu ruwan farko zai kai shi magudana. Bangaladash ta haramta siririyar leda a 2002 bayan an gano rawar da ta taka wajen toshe magudanai a ambaliyar da ta mamaye ƙasar a 1998. A Akra, ranar 3 ga Yunin 2015, ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai ta hallaka mutane fiye da 150, kuma toshewar magudanai da shara na cikin dalilan da aka lissafa. Mazauna Kano da Kaduna da Maraɗi ba sa buƙatar a ba su labarin lambatun da leda ta cushe a watan Agusta. Gwangwani da gorar roba da tsohuwar taya da suka tara ruwan sama su ne wurin ƙyanƙyasar sauron da ke yaɗa shawara da zazzaɓin dengi. A garuruwanmu kuma, inda awaki da tumaki ke kiwo a kowane fili, mahauta sun san curin ledar da suke cirowa daga tumbin dabbar da ta rame ba tare da wata cuta a fili ba. Duk waɗannan ɓarna ce da ake iya tarewa da hannu, matuƙar an zo kafin ruwa ko akuya su riga.

Bayan batun lokacin ɗaukewa, amfani na biyu ya shafi halin mutane, kuma a nan ne shaidar ta fi ƙarfi. A 1990 Robert Cialdini da Raymond Reno da Carl Kallgren suka yi gwaji a wani wurin ajiye motoci a Amurka. Sun maƙala takardar talla a gilashin kowace mota, wani lokaci su share wurin tas, wani lokaci su watsa masa shara, sannan su sa wani nasu ya wuce gaban mai motar, ko dai ya yar da takarda ko ya wuce kawai. A wurin da ke da datti, mutum 54 cikin ɗari na waɗanda suka ga wani ya yar su ma sun yar. A wuri mai tsafta, 6 kawai cikin ɗari suka yi haka. A 2008 Kees Keizer da Siegwart Lindenberg da Linda Steg suka maimaita irin wannan a wani lungu na birnin Groningen a Holan, inda suka rataya takardu a kan kekuna. Lokacin da bangon lungun yake fes, kashi 33 suka jefar da takardar a ƙasa. Da aka ɓata bangon da rubuce-rubucen fenti, adadin ya kai kashi 69. Mutanen garin ɗaya ne, tarbiyyarsu ba ta canja cikin kwana biyu ba. Abin da ya canja shi ne saƙon da wurin yake ba su game da abin da sauran jama'a suke yi a nan. Wuri mai tsafta yana kare kansa, mai datti kuma yana kiran ƙarin datti. To idan haka ne, duk buhun da aka kwashe ya hana wasu buhunan da ba za a taɓa aunawa ba, domin ba a yar da su ba tun farko. Amma wannan kariya tana da wa'adi. Da zarar leda ta sake taruwa saƙon ya juya, kuma lambun da ake sharewa sau ɗaya a shekara zai yi makonni hamsin yana gaya wa baƙinsa cewa nan ba mai kula.

Gwajin da aka yi a Filadelfiya, wanda Charles Branas da abokansa suka buga a 2018, ya ɗauki maganar zuwa ainihin unguwanni. An ɗauki kangwaye 541 aka raba su ta hanyar ƙuri'a: wasu aka share aka shuka ciyawa da 'yan bishiyoyi aka kewaye da ɗan gajeren shinge, wasu aka share aka yanke ciyawa kawai, wasu aka bar su yadda suke. A unguwannin talakawa harbe-harben bindiga sun ragu da kashi 29 cikin ɗari a kewayen filayen da aka gyara. Dole a lura cewa waɗanda suka yi wannan aiki 'yan kwangila ne da ake biya, kuma suna dawowa a kai a kai. Sakamakon bai nuna fifikon aikin kyauta a kan na albashi ba. Abin da ya nuna shi ne tasirin kulawa mai ɗorewa, ko daga hannun wa ta fito.

Babu inda za a ga yadda wannan kulawa take kafuwa kamar lambun Central Park na birnin Niyok. Fili ne mai eka 843 a tsakiyar tsibirin Manhattan, wanda Frederick Law Olmsted da Calvert Vaux suka zana a 1858. Lokacin da birnin ya kusa tsiyacewa a 1975 aka rage ma'aikatan lambuna, sai wurin ya lalace: ciyawa ta mutu ta bar ƙura, kujeru suka karye, aka cika duwatsu da gine-gine da rubutun fenti, shara ta taru, tafkuna suka cushe. An yi ta shirya ranakun share-share, amma wurin yana komawa gidan jiya. A 1980 wasu mazauna birnin, ƙarƙashin jagorancin Elizabeth Barlow Rogers, suka kafa ƙungiyar Central Park Conservancy don tara kuɗi da haɗa hannu da hukumar lambuna. Matakin da ya fi dacewa da batunmu an ɗauke shi ne a 1996, lokacin da aka yanka lambun gida 49, aka damƙa kowane yanki ga mai lambu guda da zai amsa tambaya a kansa, masu aikin sa-kai kuma suna aiki a ƙarƙashinsa. Hikimar a bayyane take. Wanda yake zuwa yanki ɗaya kowane mako ya san kujerar da mashaya sigari suka fi zama, ya san kwanar da iska ke tara leda, ya san kwandon da ke cika tun kafin azahar ranar Lahadi, masu zuwa lambun kuma sun san fuskarsa. Mai ziyara yana jin nauyin yar da gora a gaban wanda ya gani jiya yana sunkuye yana tsinta. A 1998 birnin ya sanya hannu a yarjejeniyar da ta ba ƙungiyar ragamar kula da lambun, filin kuma yana nan mallakar jama'a, kuma a yau yana karɓar ziyara kimanin miliyan 42 a shekara ba tare da ya koma halin da ya shiga a baya ba.

Wani zai ce wannan labarin masu kuɗi ne, kuma akwai gaskiya a ciki, za mu dawo kanta. Amma tsarin bai tsaya a Niyok ba. Dajin Karura da ke cikin birnin Nairobi, mai faɗin kimanin hekta 1,000, wanda Wangari Maathai da magoya bayanta suka kare daga masu rabon filaye a 1998 da 1999, ya daɗe yana zama maɓoyar 'yan fashi. A 2009 mazauna kewayen suka kafa ƙungiyar Friends of Karura Forest, suka haɗa kai da hukumar gandun dajin Kenya, aka kewaye dajin, aka ɗauki mutanen unguwannin talakawa da ke maƙwabtaka aikin sintiri da gyaran hanyoyi. Yanzu iyalai da 'yan makaranta ne ke cika shi. A wuraren biyu abu ɗaya ya faru: aikin sa-kai ya tashi daga biki ya zama alhakin wasu sanannun mutane a kan wani sanannen fili, tare da hukumar da ke da iko da wurin.

Suka ta biyu ta fi ta lissafi zafi, domin tana tuhumar aikin ne da yi wa masu laifi hidima. A 1953 jihar Vermont ta Amurka ta haramta sayar da giya a kwalaben da ba a mayarwa. A wannan shekarar ce kamfanonin gwangwani da kwalba da kayan sha suka kafa ƙungiyar Keep America Beautiful, wadda ta shafe shekaru tana koya wa Amurkawa cewa matsalar shara matsalar mutumin da ya yar ce, har ta yi shahararriyar tallar talabijin ta 1971 mai wannan saƙo, alhali kamfanonin da ke bayanta suna adawa da dokokin ajiye kuɗin kwalba. Masu wannan suka suna cewa duk wanda ya ɗauki buhu ya shiga lambu yana share wa kamfani ɓarnarsa kyauta, yana kuma taya shi ɓoye ta. Tarihin gaskiya ne, kuma bai kamata a yi masa kwaskwarima ba. Amsar ita ce aikin yana iya juyawa ya zama shaida a kan kamfanonin, idan masu yinsa suna ƙirgawa. Tun 1986, lokacin da ƙungiyar da a yau ake kira Ocean Conservancy ta fara gangamin share gaɓar teku a Texas, ake ba masu aikin kati su rubuta kowane irin abu da suka tsinta, kuma daga waɗannan katuna ne duniya ta san cewa guntun sigari ya daɗe a sahun gaba. Dokar Tarayyar Turai ta 2019 a kan robar da ake amfani da ita sau ɗaya an gina ta ne a kan ƙididdigar abubuwan da aka fi samu a gaɓar tekun Turai, kuma ta ɗora wa kamfanonin taba kuɗin share guntayensu. Tun 2018 gamayyar Break Free From Plastic take sa masu aikin sa-kai su rubuta sunan kamfanin da ke jikin kowace gora da leda, kuma shekara bayan shekara Coca-Cola ce ke fitowa ta farko. Jamus, wadda ta sanya kuɗin ajiya na santi 25 a kan gora da gwangwani, tana samun dawowar fiye da kashi 90 cikin ɗari. Doka irin wannan ta fi kowane gangami rage shara, amma mai tsinta da biro a hannu yana cikin waɗanda ke samar da hujjar kafa ta. Sharar da aka kwashe ba a ƙirga ba an yi rabin aikinta ne kawai.

Suka ta uku ita ce aikin sa-kai yana ba gwamnati damar zamewa, yana kuma ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi. Niyok ɗin ma ta nuna haka. A 2012 attajiri John Paulson ya ba Central Park kyautar dala miliyan 100, a daidai lokacin da ƙananan lambunan unguwannin talakawa suka yi shekaru ba a taɓa su ba, har sai da birnin ya ware dala miliyan 130 a 2014 don gyara 35 daga cikinsu. A 2020, da aka zaftare kimanin dala miliyan 84 daga kasafin hukumar lambuna saboda annobar korona, shara ta taru a lambunan birnin duk da fitowar masu aikin sa-kai. Wannan ya nuna iyakar abin. Mai sa-kai zai iya tsinta ya tara ya ƙulle buhu, amma ba shi da mota, ba shi da juji, ba shi da ikon kafa kwando ko cin tarar kowa. A Afirka kudu da Sahara, inda rahoton Bankin Duniya ya ce kashi 44 cikin ɗari na shara kaɗai ake kwashewa, wannan iyaka ta fi tsanani. Kowa ya san yadda ake yashe lambatu a tara baƙin taɓo da leda a bakin titi, mota ba ta zo ba, ruwa ya sauko ya mayar da shi inda aka ciro shi. Mafi muni shi ne a gaji da jira a cinna wa tarin wuta. Hayaƙin roba yana ɗauke da ƙurar da ke shiga huhu da sinadarai masu guba irin su dayoksin, tokar kuma tana zama a ƙasa. Gangamin da ya ƙare da ƙona leda a tsakiyar lambu ya cutar da muhallin da ya fito taimaka wa. Don haka yarjejeniya da hukumar kwashe shara a kan ranar da mota za ta zo da inda za ta kai kayan wani ɓangare ne na aikin, kuma ya kamata a kammala ta kafin a ɗaga tsintsiya.

Nijeriya tana da nata tarihin a wannan fage, kuma ta hanyar tilas ta bi. Gwamnatin soja ta Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a a Maris na 1984, kuma a Kano aka buɗe zangonsa na tsaftar muhalli a Yulin 1985. Daga nan muka gaji Asabar ɗin ƙarshen wata da ake hana zirga-zirga da safe. A Maris na 2015 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta yanke cewa hana zirga-zirgar ba shi da tushe a doka, kuma a 2016 jihar ta soke shirin. Inda ake ci gaba da yi, da yawa suna zama ne a gida har sa'o'in su wuce. Masu goyon bayan tilas sukan kawo misalin Ruwanda, inda doka ta wajabta wa 'yan shekara 18 zuwa 65 fitowa aikin gayya da ake kira umuganda a Asabar ɗin ƙarshen wata, Kigali kuma ta yi suna wajen tsafta. Sai dai Ruwanda ta haramta leda tun 2008, tana kuma da masu shara da ake biya suna aiki kullum, don haka ba daidai ba ne a jingina tsaftar ga safiya ɗaya a wata. Dangane da gwaje-gwajen da aka ambata a sama, tilas tana da wani rauni na musamman. Wanda ya ga maƙwabcinsa yana shara don tsoron kotun tafi-da-gidanka ya fahimci cewa akwai hukunci yau. Wanda ya gan shi yana yi don ransa ya so ya fahimci cewa wurin yana da masu shi, kuma wannan fahimtar ce take aiki ranar Talata da babu jami'i a kusa. Al'adar gayya, inda unguwa ke fitowa yashe kududdufi ko gyaran maƙabarta da filin idi, ta tsaya ne a kan sanayya da jin kunyar a ce wane bai zo ba, addini kuma ya lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Tushen yana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne a ɗaure shi da wani fili takamaimai, da rana sananniya, da sunan wanda mai unguwa zai tambaya idan wurin ya ɓaci.

Akwai mutanen da ake yawan mantawa da su a irin wannan shiri, su ne 'yan bola. Su suke tsince gora da gwangwani da ƙarfe kowace rana, kuma da wannan suke ci. Ƙungiyar da ta kwashe komai ta cusa a buhu ɗaya ta aika juji ta ɗauke musu abinci, ta kuma binne abin da zai iya komawa masana'anta. Hanyar da ta fi ita ce a rarrabe tun a wurin: gora da ƙarfe a miƙa wa baban bola, busasshen ganye da ɓawo a tara su zama takin lambun, ragowar ce kawai za ta jira mota. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna ɗibar takin birni zuwa gonakinsu, kuma leda ce take ɓata musu shi a yau, don haka rarrabewar tana da kasuwa a shirye. Haka kuma dole a tanadi safar hannu da takalmi mai rufi, a hana yara taɓa allura da fasasshiyar kwalba, domin rauni guda ya isa ya sa iyaye su janye 'ya'yansu.

Ga masu bincike, sauya ma'aunin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A zaɓi lambuna ko filaye masu kama da juna a gari ɗaya, a shata murabba'in mita goma-goma a bakin ƙofa da gindin inuwa da kusa da masu sayar da abinci, a riƙa ƙirga abin da ke ciki kowane mako, iri-iri, tare da sunan kamfanin da ke jiki. Wasu filayen a riƙa share su mako-mako, wasu wata-wata, wasu sau ɗaya a zangon karatu, a bar ƙuri'a ta zaɓi wanne ne wanne kamar yadda aka yi a Filadelfiya. Abin da za a nema shi ne saurin da shara take sake taruwa bayan kowace shara, da yadda wannan sauri yake canjawa daga rani zuwa damina da kuma makon salla. Ɗaliban sashen nazarin ƙasa ko kimiyyar muhalli za su iya gudanar da wannan a zangon karatu biyu da igiyar awo da takardar ƙirga, kuma sakamakon zai gaya wa ƙaramar hukuma inda ya kamata ta kafa kwando da ranar da ya kamata motarta ta zo.